Kurakuran da masu son zama malaman tarihin yaƙi suka fi yi, da yadda za a gyara su

Duk shekara sai ka samu matasa sun gama digirin farko a tarihi ko kimiyyar siyasa suna cewa su tarihin yaƙi da nazarin dabarunsa za su bi har su zama malaman jami'a, kuma wallahi abin yana min daɗi don fagen nan yana neman mutane ido rufe, sai dai da yawansu tun a mastas suke karyewa, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, kurakurai ne iri ɗaya ake ta maimaitawa.

Babban cikinsu shi ne mutum ya ɗauka son labarin yaƙi shi ne sana'ar. Ya haddace ranakun gumurzu, ya san sunan kowace tankar yaƙin duniya na biyu, babu bidiyon YouTube ɗin da bai kalla ba, sai ya zauna ya cika kundi da "sai suka taso, sai aka gwabza, sai wane ya ci". Ranar kare kundi malamin da aka gayyato daga wata jami'a tambaya ɗaya zai yi maka bakinka ya mutu: to me ka gano? Gyaran shi ne ka fara da tambaya kafin ka zaɓi yaƙin. Ga misali, kowa ya san jama'ar Shehu sun ci rundunar Yunfa, Sarkin Gobir, a Tabkin Kwatto a 1804 da 'yan baka da dawakai kaɗan, amma ɗalibai nawa ne suke tsayawa su tambayi me rundunar Shehun ta dinga ci bayan nan? Ai ƙarancin abinci ne ya dinga tashinsu daga wuri zuwa wuri, aka yi asarar mutane da yawa a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar ciki har da mahaddata Alƙur'ani, aka gangara Zamfara a 1805, neman hatsin ma yana cikin abin da ya ɓata tsakaninsu da Zamfarawan da suka mara musu baya da farko, aka sake shan wuya a Alwasa, Alkalawa kuma, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Bayanin shekarun nan huɗu yana cikin rumbu da ciyawar doki da rijiya da lokacin damina, kuma nan ne kundi mai kyau yake ɓoye, ƙanina.

Sai maganar yarda da takarda don kawai tsohuwa ce. Wannan kam har manya yana kamawa. Ka ɗauki Kwatarkwashi, Fabrairun 1903, bayan Kano ta faɗi hannun Turawan Ingila, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Takardar da aka ba Laftanar Wallace Wright lambar yabo ta Victoria Cross da ita ta ce shi da wani hafsa ɗaya da sojoji 44 sun tare mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000 na tsawon awa biyu. Ɗalibi sai ya kwafe lambobin nan ya zuba a babi na huɗu ya wuce. To tsaya mana, wa ya ƙirga? Nasa 44 ɗin ya san su tunda shi yake jagorantarsu, amma mutumin da yake cikin ƙura da hayaƙin bindiga dawakai suna sukuwa a kansa, yaushe ya ƙirga dubu uku cif? Kuma takarda ce ta neman lambar yabo, yawan abokan gaba riba ne ga mai rubutu. Ba ana cewa ka jefar da ita ba ne, a'a, ka tambayi wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, yaushe, me yake nema, sannan ka nemo ta ɗaya ɓangaren. Kuma namu ma haka za ka yi musu, cikin ladabi amma ba sassauci. Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo taska ne, waɗanda suka halarci yaƙin da kansu ne suka rubuta, sai dai ɓangaren da ya ci nasara ne, Gobirawa suna da tasu ruwayar a Sabon Birni da Tsibiri, Katsinawan da suka kafa Maraɗi ma haka. Yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ma haka ne, Obasanjo ya fitar da littafinsa a 1980, Alabi-Isama wanda suka yi aiki a runduna ɗaya ya fitar da nasa a 2013 yana musanta abubuwa da yawa a ciki, in ɗaya kawai ka karanta to lauyan mutum ɗaya ka zama.

Ɓangaren nazarin dabaru kuwa cutarsa daban ce. Kusan kowane kundi sai ka ga an liƙa jimlar nan ta Clausewitz cewa yaƙi ci gaban siyasa ne ta wata hanya, a ƙara da ɗaya daga Sun Tzu, shi ke nan wai an gama babin ra'ayoyin masana. Clausewitz ɗin nan fa hafsan Furushiya ne da ya yaƙi Napoleon, kwalara ta kashe shi a 1831 bai gama gyara littafinsa a kan yaƙi ba, matarsa Marie ce ta fara fitar da shi a 1832, shi da kansa ya bar rubutu cewa babin farko na kashi na farko kaɗai yake ganin ya kammala. In ba ka san wannan ba za ka ta cin karo da wuraren da kamar yana saɓa wa kansa ka rasa dalili. Ka nemi fassarar Michael Howard da Peter Paret ta 1976 ka zauna da ita da biro, ka karanta inda yake bayanin yadda ƙananan matsaloli, ruwan sama, gajiya, saƙon da bai isa ba, suke taruwa su wargaza shirin da ya yi kyau a takarda, da inda yake cewa tsaron gida ya fi kai hari ƙarfi, da babin da ya yi kan jama'ar gari in sun ɗauki makami. Daga nan sai ka gwada shi a kan abin da ka sani, misali ribaɗoɗin, wato garuruwan tsaron iyaka, da Bello ya kafa irin su Wurno, ka ga inda maganarsa ta zauna da inda ta ƙi zama, don inda ta ƙi zaman nan shi ne gudunmawarka.

Harshe kuma, wannan yana ba ni takaici sosai. Yaro ya yi allo, ya yi islamiyya, yana iya karanta ajami, sai ya shiga jami'a ya watsar ya ce shi yaƙin Rasha da Yukren zai rubuta a kai, bai iya Rashanci ba, duk madogararsa jaridun intanet. Alhali Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa duk suna nan Kaduna, wasiƙun sarakuna da Larabci da rahotannin razdanoni suna jiran mai karantawa. Ka koma ka gyara Larabcinka, in kuma Rabeh ko Damagaram ko tafkin Cadi ne a ranka to Faransanci dole ne, takardun suna Aix-en-Provence da Vincennes a Faransa, na Ingila kuma suna Kew a Landan.

Wasu kuma Boko Haram ko 'yan bindigar daji suke rugawa don shi ake yayi kuma ana ganin nan kuɗin bincike yake. Ana iya yi, amma ka sani takardun soja na yaƙin da ake kan yi ba za a buɗe maka ba, hafsan da yake bakin aiki ba zai faɗa maka abin da zai ja masa tuhuma ba, ga haɗari gare ka da wanda ka yi hira da shi. In ba ka da hanyar samun hujja ta gaske ka ja baya zuwa inda ƙura ta lafa. Tsofaffin da suka yi yaƙin basasa duk sun haura saba'in, na yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuwa kusan sun ƙare, ka je ofishin 'yan mazan jiya na jiharka a haɗa ka da su. In ka zauna da tsoho kar ka ce Baba ba ni labarin yaƙi, zai ba ka wanda ya saba ba jikoki. Ce masa Baba a ina aka ɗauke ku, sati nawa aka yi muku horo, me kuke ci, albashi yana zuwa, wa yake rubuta muku wasiƙa gida? Ka nemi izininsa kafin ka kunna rikoda, ka rubuta rana da wuri. Filin dagar ma ka taka shi da ƙafarka in akwai tsaro, gani ya kori ji, ganuwar Kano ko filin Giginya na Sakkwato za su nuna maka abin da taswira ba ta nunawa.

Maganar aiki ita ce mutane ba sa son ji. Jami'o'in da za su buga talla suna neman masanin tarihin yaƙi zalla ba su da yawa, ko a Ingila sashen da Howard ya kafa a King's College ta Landan a 1962 ya yi suna ne don irinsa kaɗan ne. A nan gida makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA Kaduna tana da sashen tarihi da nazarin yaƙi, kuma farar hula suna karatun gaba da digiri a can suna koyarwa, ba sai ka sa kaki ba, akwai kuma kwalejin hafsoshin soja ta Jaji da kwalejin tsaro ta Abuja. Amma galibi sashen tarihi na gama-gari ne zai ɗauke ka, a ba ka tarihin Afirka ta Yamma ko na tattalin arziki ka koyar wa 'yan aji ɗaya, saboda haka kar ka ƙuntata kanka, ka iya waɗannan sosai. Tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ake ba, wato sai ka fara samun gurbin koyarwa, kar ka zauna jiransa daga gida. Kar kuma gaggawar ƙarin girma ta kai ka mujallun nan da za ka biya kuɗi yau su buga maka jibi ba wanda ya duba, masu tantance takardun farfesa sun san su sarai. Sufabaiza kuwa kafin ka cike fom ka karanta abin da ya rubuta, ka nemi ɗalibansa na baya ka tambaye su wata nawa babi yake yi a teburinsa kafin ya dawo da gyara.