Yadda ake gano ƙarar injin tsohon babur da cinyewar kafireto

Tsohon babur ba ya rasa ƙara. Aikin shi ne a raba wadda za a iya tafiya da ita wata da watanni da wadda ke cewa a kashe inji yanzu-yanzu. Daga Garwa zuwa Marwa, da Kuseri har Njamena, yawancin baburan da ke kan hanya masu silinda ɗaya ne, daga 100 zuwa 150 cc, irin waɗanda fetur daban baƙin mai daban. Abu biyu ne ke kashe su a nan: ƙura da gurɓataccen mai. Kuma hanyar da suke bi su shiga inji ita ce kafireto, shi ya sa ba a duba ɗaya a bar ɗaya.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya

Ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai daidai. Zaro sandar awon baƙin mai, ka goge, ka mayar ba tare da ka murɗa ta ba, ka sake zarowa. Injin da ke ɗaukar kusan lita ɗaya, idan rabi ya tafi, kansa ne zai fara kuka, domin can ne mai ke isa a ƙarshe. Idan man ya yi baƙi ƙirin ko ya tsinke, ka juye shi a kwano mai tsabta ka kai rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai ba ne a tsohon inji, amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa yana nufin wani abu na cin wani a ciki.

Daga nan ka bi notocin waje da sifana: na salansa, na mariƙin inji, murfin sarka, farantin da ke kare ƙafa daga zafi. Gasket ɗin bakin salansa idan ya ƙone yakan yi "cak-cak" daidai da ƙarar bawul. Alamarsa baƙin hayaƙi da ya manne a gefen wurin.

Sauraro

Sami doguwar sukundireba. Ka tada inji tun yana da sanyi, ka ɗora bakinta a jikin inji, mariƙinta a kunnenka. Wuri uku za ka taɓa: kan inji, tsakiyar silinda, da ƙasa inda karanshaf yake. Ka tattare rigarka kada ta taɓa salansa. Bayan minti goma, inji ya yi zafi, ka maimaita. Bambancin ƙarar sanyi da ta zafi shi ne rabin amsa.

Idan ƙarar siririya ce, "cak-cak-cak", daga sama, tana bin totur, to tazarar bawul ce ta yi yawa. Ana daidaita ta da sanyi, gwamma da safe kafin a tada babur. Buɗe murfin kai, ka juya magineto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, a zagayen da hannuwan bawul biyu suke motsi sako-sako. Sai ka zura siririn ƙarfen awo: 0.08 mm ga injin Honda CG125, wajen 0.05 mm ga ƙananan 100 da 110. Ya wuce da ɗan ja, ba da ƙarfi ba. Riƙe sukurun sosai lokacin ɗaure noti, ka sake awo bayan ɗaurewa, domin yakan gusa.

A nan ne ake yawan ɓarna. Mai babur ya ce ba ya son jin ƙara, yaron gareji ya matse bawul har ta yi shiru, kowa ya tafi da murna. Ƙarfe kuwa idan ya yi zafi yana buɗewa, sai bawul ta kasa rufewa ruf. Babur ya fara wuyar tashi, silo (juyin inji ba a taɓa totur ba) ya riƙa mutuwa, a ƙarshe bakin bawul ɗin salansa ya ƙone. Ɗan "cak-cak" mai laushi lafiya ne.

Ƙarar "shar-shar" daga gefe ɗaya, daga ƙasa har sama, sarkar taimin ce ta saki, ko abin da ke matse ta ya gaji. Amma ka san injinka: CG125 da kwafinsa na Sin da sandunan tura bawul suke aiki, ba su da wannan sarka sam. Wanda ya ce zai canja maka ita a irin wannan inji, ka ɗauki babur ɗinka ka yi gaba.

Ƙarar tsakiya, "ƙwal-ƙwal" mai rami, da ke da ƙarfi da sanyi ta ragu da zafi, fistin ne ke kaɗawa a cikin silindar da ta cinye. Yawanci da shuɗin hayaƙi take zuwa. Cire buji, ka auna matsi da totur a buɗe gaba ɗaya, sannan ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin buji ka sake aunawa. Idan matsi ya ƙaru, zobban fistin da silinda ne. Idan bai motsa ba, ta bawul iska ke gudu. Sabon zobe a cikin silindar da ta riga ta yi gaɓa a sama asarar kuɗi ne. Sai an kai an rarake ta an sa fistin mai girma, ana hawa 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00 mm a kan faɗin asali, wanda a CG125 56.5 mm ne.

Wadda ba a wasa da ita ita ce ta ƙasa: bugu mai nauyi, "gum-gum", da ke ƙaruwa idan inji ya yi zafi ko an ɗan fizgi totur. Gindin hannun fistin ne ya cinye a kan karanshaf. Kashe inji. Idan an cire silinda, ka kama hannun ka ja sama da ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, amma sama da ƙasa ko kaɗan ba a yarda ba. Haka ma magineto: idan ka kama shi ya motsa sama da ƙasa, boris ɗin karanshaf sun tafi. Ƙarar da ke ɓacewa da zarar an matse kuloci kuwa, kwandon kuloci ne, tana iya jira.

Sai ƙarar da ba ta fitowa a tsaye, sai an ɗauki kaya an hau tudu da tsakar rana, musamman a Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Za ka ji kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan ba cinyewar ƙarfe ba ce tukuna, mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Sanadinsa fetur da aka surka da kananzir, ko daskararren baƙi a kan fistin, ko kafireto da ke ba da iska fiye da mai. Idan aka bar ta, tana iya huda fistin.

Kafireto

Buji ne shaida ta farko. Launin ƙasa-ƙasa lafiya. Baƙi busasshe mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawa, babu ruwan kafireto. Tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 mm.

Inji na silo, ka kama kafireto ka ɗan girgiza shi. Idan ƙara ta tashi ko ta faɗi, robar da ta haɗa shi da inji ta tsage ko gasket ya saki. Sauran alamun satar iska su ne silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, salansa na "fat-fat" a gangara, babur ya fi tafiya idan an ɗan ja cok. Ka gyara wannan tukuna, in ba haka ba duk juyin sukuru banza ne.

Rufe famfon mai, ka kwance sukurun ƙasan kofin kafireto, ka tara man a farar kwalba. Ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi ƙuru-ƙuru. Mai sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba, a bakin hanya ya riƙa yin wannan duk mako. Cire kofin, ka zare abin da ke yawo a kan mai ka girgiza shi kusa da kunne, idan da mai a cikinsa ya huje. Dubi bakin ƙaramar allurar da ke tsayar da mai: idan zobe ya fito a jikinta, ita ce ke sa mai zuba ta tiyon ƙasa. Ka mayar da su, ka hura ta inda mai ke shiga. A tsaye iska ta wuce, a kife kada ta wuce.

Jet, wato ƙananan bututun da mai ke bi, biyu ne, babba da ƙarami na silo. Ɗaga kowanne ka leƙa haske ta cikinsa. Kada ka tsokane su da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai laushi, ramin zai buɗe ba ya komawa. Silin waya ɗaya mai laushi daga kebul ɗin lantarki ya isa, sai iskar mai faci.

Cinyewa ta gaske tana sama. Kwance murfin, ka zaro ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa tare da doguwar allurarsa. Idan gefensa ya goge ya yi sheƙi, ko ya yi zane-zane, ka mayar da shi ka kaɗa da yatsa. Wanda ya cinye zai yi "ƙas-ƙas", iska na bi ta gefensa, silo ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Wannan ƙara ma ana ɗaukarta ta bawul ce. Cire tiyon iska, ka danne ƙarfen da yatsa inji na silo, idan ta yi shiru ka kama ɓarawon. Bi doguwar allurar da farce, in ka ji gaɓa ta cinye. Ramin da take shiga ma yakan tashi daga zagaye ya yi tsawo, sai babur ya riƙa shan mai yana shaƙewa a rabin totur. Ɗaga makullin allurar tsaga ɗaya sama zai rage shan mai na ɗan lokaci, amma magani shi ne a canja allura da raminta tare. Idan jikin kafireton kansa ya cinye, a sayi sabo: yawanci PZ19 ga 110, PZ26 ga 125, PZ27 ga 150. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, ka gwada faɗin baki da tazarar notoci.

Ana daidaita kafireto da zafi. Murɗa sukurun haɗin mai da iska ciki a hankali har ya taɓa, ban da matsi, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Riƙa juya shi kwata-kwata kana jira daƙiƙa kaɗan, har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi, sannan ka sauke silo da ɗaya sukurun zuwa wajen juyi 1,400 a minti. Idan ka rufe shi gaba ɗaya inji bai damu ba, ko sai ka wuce zagaye uku, akwai toshewa ko satar iska da ta rage.

Kafin ka rufe, zura yatsa cikin tiyon da ke tsakanin matatar iska da kafireto. Idan ya fito da ƙura, sabon kafireto da sabon fistin ma haka za su cinye. Matatar soso a wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai a matse. Ta takarda ba a wankewa, sai kaɗewa ko canji. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, duk mako ne. Ka sa ƙaramar matatar mai a tiyon tanki, ka yi tafiyar kilomita goma, ka sake cire buji. Idan har yanzu fari ne, sauke makullin allura tsaga ɗaya ƙasa ka sake gwadawa.