Yadda baƙo zai saba da sabon wuri

Duk mai shirin tafiya wata ƙasa, abin da nake fara gaya masa shi ne ya raba doka da al'ada tun kafin ya ɗaure kaya. Al'ada in ka kuskure ta, kunya za ka sha. Doka kuwa tara ce ko gidan yari. A Tailan, sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma "ban sani ba" ba ta fid da baƙo. Singafo ta hana shigo da cingam da sayar da shi tun 1992. A Jamus, in ka tare a gida, mako biyu gare ka ka yi rajistar adireshinka a ofishin hukuma. Irin waɗannan karanta su ake yi tun kafin a tashi.

Al'ada kuwa da ido ake koyonta. Kwanakin farko ka rage baki, ka dinga barin wani ya riga ka. A ƙofar gida dubi ƙafar mai masaukinka: a Japan takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, har banɗaki silifas ɗinsa daban. A Amurka, in an kawo maka abinci a gidan cin abinci, ana sa ran ka bar wa ma'aikacin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin. A Japan kuwa ba a yin haka, har ma a biyo ka da canjinka. A Tailan kada ka shafa kan mutum, kada ka miƙe ƙafa wajen gunkin Buda.

Mai wuyar duka, a ganina, shi ne halin mutane, don shi ba a rubuta shi a allo. Mutumin Holan zai ce maka aikinka bai yi ba, kai tsaye, kuma ba gaba yake yi da kai ba. Anjima ma ku sha shayi tare. Ɗan Japan kuwa sai ya ja numfashi ya ce "zai yi wuya", alhali a'a yake nufi. Wanda ya yi fushi da na farko, ko ya zauna jiran na biyu, ya wahalar da kansa a banza. Don haka ka nemi mutum guda ɗan wurin, maƙwabci ko abokin aiki, wanda za ka iya tambaya ba kunya: me wancan yake nufi da abin da ya faɗa?

Ba kuma komai za ka kwaikwaya ba. Abin da addininka ko lafiyarka suka hana, ka faɗa tun ranar da aka gayyace ka, kafin a ɗora tukunya, cikin fara'a, ba tare da wa'azi ko kushe nasu ba.