Darasi na Tara: "Take", Kalma Ɗaya Mai Aiki da Yawa

Idan aka rubuta t-a-k-e a allo, duk wanda ya iya karatun Hausa zai karanta ta da gaɓa biyu, kamar yadda muke cewa "nan take" ko "a ina take zaune?" Bai yi laifi ba, haka aka koya masa. Amma a Turanci ba a furta harafin e na ƙarshe. Gaɓa ɗaya ce tak: tek, a ɗan ja wasalin. Ku faɗa sau uku da ƙarfi, kuma ku kama bakinku a kan k ɗin, kada ku ƙara mata wasali ta koma "teki".

Na ware wa wannan kalma darasi guda ne saboda ba ta barin mutum ya huta. Tana jikin kwalin magani, tana bakin nas a asibiti, tana tasha, tana ofis. Kuma a kowane wuri da irin rigar da take sawa.

Ɗauka da karɓa

Wannan ita ce ma'anar da kowa ya fara sani, ba za mu daɗe a kanta ba.

Take your bag. Ɗauki jakarka.
Take the money. Karɓi kuɗin.

Abu ɗaya kawai zan ja kunnenku a kai. Idan kana miƙa wa mutum abu, kada ka ce masa "Take!" ita kaɗai. Daidai take da "ungo", kuma kun san ba a ce wa suruki ungo, sai dai "ga shi, Baba". To a Turanci ma sai a ce "Here you are" ko "Please take it".

Kai da kawo

A nan Bahaushe ya fi masu koyo da yawa sa'a, domin harshenmu ya riga ya raba biyun. Abin da zai bar wurinka ya tafi can, kai shi za a yi, shi ne take. Abin da zai zo inda kake, kawo shi za a yi, shi ne bring. Duk lokacin da ka rikice, faɗi maganar da Hausa a zuciyarka tukuna. Idan "kawo" ya fito, to ba wurin take ba ne.

Ginin jimlar kuwa haka yake: take, sai abin da za a kai, sai to, sai wurin ko mutumin.

Take the child to the hospital. Kai yaron asibiti.
Take this food to your father. Kai wa babanka abincin nan.

Ku lura, mu muna cewa "kai yaron asibiti" ba tare da wata kalma a tsakani ba, shi ya sa ɗalibai ke yawan mantawa da to. A Turanci dole ne a sa ta. Sai a gaban kalmomi irin su home ne ake barin ta: "Take her home", wato kai ta gida.

Shan magani

Ga inda nake so ku tattara hankalinku, don kuskure a nan ba na dariya ba ne kawai.

Wani dattijo mai gadi da ke ajinmu na yamma ya taɓa zuwa da kwalin maganinsa, ya karanta layin farko da kansa, harafi bayan harafi: "Take one tablet." Ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya ce, "To Malam, na ɗauka. Sai in yi yaya da ita?" Aji ya fashe da dariya, shi ma yana dariya. Amma tambayarsa ta fi darasin da na shirya a ranar amfani.

Mu a Hausa "sha" faɗi gare ta. Muna shan ruwa, muna shan mangwaro, muna shan rake, muna shan magani, har wahala ma shan ta muke yi. Turanci bai yarda da haka ba. Ruwa da shayi su ne na drink, mangwaro na eat ne, magani kuwa, ƙwaya ne ko na ruwa, take ake cewa. Saboda haka idan ka ga take a jikin magani, ma'anarta sha.

Take one tablet three times daily. A sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana.
Take two tablets at night. A sha ƙwaya biyu da dare.
Take after meals. A sha bayan an ci abinci.
Take before meals. A sha kafin a ci abinci.
Take 5 ml twice daily. A sha mililita 5 sau biyu a rana.

Once sau ɗaya ke nan, twice sau biyu, daga uku zuwa sama sai a faɗi lambar a ƙara times. Lambar farko ta yawan ƙwaya ce, ta biyu ta yawan lokaci. Kada a haɗa su. Sau uku a rana ba ya nufin a watsa uku a baki lokaci guda da safe don a huta. Rarraba su ake yi, kuma idan ba a faɗa maka tsakaninsu awa nawa ba, ka tambayi wanda ya ba ka maganin kafin ka bar gabansa. Mililita 5 kuwa, a duba inda aka rubuta 5 ml a jikin cokalin awo da ake sawa a kwalin maganin yara. Da shi za a auna, ba da cokalin cin shinkafa ba.

Akwai rubutu biyu da nake so ku haddace kamar sunanku. "Do not take" na nufin kada a sha. "Not to be taken" na nufin wannan ba na sha ba ne sam.

A ƙasarmu za ku ji ana cewa "Have you taken your food?" ko "What will you take?" idan an tarbi baƙo. Kowa ya gane, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Sai dai a rubutu, da kuma jarrabawa, "Have you eaten?" ta fi tsafta.

Abin hawa da lokaci

Take a bus. Shiga bas.
Take a taxi. Shiga tasi.
Take the road on the left. Bi hanyar hagu.

Ba ɗaukar motar za ka yi a ka ba, ita za ta ɗauke ka. Idan kuma kana so ka san tsawon tafiya, tambayar ita ce "How long does it take?" Za a amsa maka da "It takes two hours", wato awa biyu ake yi.

Yadda take sauya kama

A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke nuna lokaci: na sha, zan sha, nakan sha. "Sha" tana nan yadda take. Turanci kuwa yakan taɓa jikin aikatau ɗin kansa. Ku dubi waɗannan:

I take it every day. Kullum ina sha.
She takes it every day. Kullum tana sha.
I am taking it now. Yanzu haka ina sha.
I took it yesterday. Jiya na sha.
I have taken it. Na riga na sha.
I will take it tomorrow. Gobe zan sha.

Harafin s na takes na mutum ɗaya ne da ake magana a kansa: he, she ko it. Took ana furta ta tuk, a gajarce. Babu wata kalma wai ita "taked", komai yadda ta yi daɗi a baki. Sannan da zarar did ko didn't ta shigo jimla, ta riga ta ɗauke nauyin nuna jiya, sai took ta koma take. "I didn't take it" ake cewa, ban sha ba. Wannan shi ne tuntuɓen da na fi gyarawa a littattafan ɗalibai, har ma na waɗanda suka yi nisa.

Hira a asibiti

Mutum biyu su tashi su karanta, ɗaya nas, ɗaya majinyaci.

Nas: Good morning, Baba. Please take a seat. Ina kwana, Baba. Bismillah, zauna.
Baba: Thank you, Sister. Na gode, Sista.
Nas: Did you take your medicine last night? Ka sha maganinka jiya da dare?
Baba: Yes, I took two tablets. E, na sha ƙwaya biyu.
Nas: And this morning? Yau da safe fa?
Baba: I have not taken it. I have not eaten. Ban sha ba. Ban karya ba tukuna.
Nas: Eat first. Then take this paper to the pharmacy. Ka fara cin abinci. Sannan ka kai takardar nan ɗakin magani.

Kun ga "take a seat" ba cewa aka yi ka sungumi kujerar asibiti ka tafi da ita gida ba. Irin waɗannan dunƙulallu haddace su ake yi yadda suke. "Take off your shoes", cire takalmi. "Take care", a kula da kai, akan faɗe ta wajen sallama. "Take a picture" kuwa ta zo daidai da tamu, ɗaukar hoto.

Aiki

Ku cike gurbi da take, takes, took ko taken.

1. My wife ____ the children to school every day.
2. I ____ a taxi yesterday.
3. Have you ____ your medicine?
4. He didn't ____ the money.

Ku mayar da waɗannan Turanci, amma ku yi hattara, akwai ɗaya da take ba ta shiga cikinta: Kai Inna gida. Kawo mini ruwa. A sha ƙwaya ɗaya sau biyu a rana.

Ranar zama na gaba kowa ya zo da kwalin magani wanda ya ƙare, ko takardar da ke cikinsa. Ka ja layi da fensir a ƙarƙashin duk take ko taken da ka gani. Wanda bai samu ba ya ara a maƙwabta, amma kwalin kawai, a bar musu maganinsu.