Yadda Ake Haɗa Allon Kafa Takardu a Ɗakin Aiki

Ka je kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi, a yanka maka filawud mai kaurin rabin inci, ƙafa 4 da ƙafa 3. Ka nemi shimfiɗar kok, wato ɓawon bishiya mai taushi irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, mai kaurin milimita 6 ko fiye. Siririya ba ta riƙe fil, tsinin zai tokari katako ya lanƙwashe.

Kok yana zuwa a nannaɗe. Warware shi, ka ɗora masa littattafai, ya kwana biyu a ɗakin. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga allonsa ya kumbura da damina.

Shafa gam irin na masu takalmi a kan katakon da bayan kok, taga a buɗe saboda warin. Jira kamar minti 15, har ya daina bin yatsa. Manna daga gefe ɗaya a hankali, kana murzawa da kwalba, don in ya kama ba ya gyaruwa. Datse rarar da sabuwar reza.

Huda bangon wuri huɗu, sa filogi na roba, wato ɗan bututun da ke riƙe sukuru a cikin bango, ɗaure allon da sukuru. Bar ɗan rata a baya, kada danshin bulo ya ci katakon.