Yadda za ka riƙe teburin poka a gida ba tare da abokai sun tashi baram-baram ba

Yawancin rigimar wasan poka, wato wasan kartar da ake zubi a kai, na gida daga dokar da ba a faɗa ba take tasowa, sai an buɗe kati kowa ya fara cewa ai mu ba haka muke yi ba. Wani a waya ya koya, wani a talabijin ya gani. To in kai ne mai gida, kafin a raba kati ko ɗaya ka faɗa da bakinka kowa na ji: wane wasa za a yi, galibi dai Texas Hold'em ne, kati 2 a hannun kowa 5 a tsakiya, nawa ne zubin dole ƙarami da babba da ake sawa kafin a ga kati, wanda cips ɗinsa, wato 'yan kwabban roba da ke madadin kuɗi a teburi, suka ƙare zai iya ƙaro wasu ko ya fita kenan, sannan ƙarfe nawa za a tashi. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, wanda aka cinye ba ya taɓa yarda dare ya yi.

Cips ɗin da ke gaban mutum lokacin da aka raba kati su kaɗai zai yi wasa da su a wannan zagayen, ba zura hannu aljihu a tsakiya don ya ga kati mai kyau, ba kuma kwashe cips a ɓoye bayan an ci.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen zubi. Mutum ya turo cips kaɗan, ya ɗago ya kalli fuskar abokin karawarsa, sai ya koma ya ƙaro wasu, wannan ba a yarda da shi ba ko a ina, domin ya samu labari kyauta daga fuskar wani kafin ya yanke shawara. Ko dai ya turo duka a tashi ɗaya ko ya faɗi adadin tukuna, kuma abin da baki ya furta a kan layinsa ya zauna, in ka ce na bi, wato za ka zuba daidai abin da aka zuba, to ka bi kenan, babu "na bi... kai bari ma in ƙara". Haka in wani ya riga ya zuba ka jefa cip babba guda ɗaya ba ka ce uffan ba, bi ne ba ƙari ba. Shi ma ƙarin yana da ƙa'ida, in zubi 100 ne wani ya kai shi 300 to ya ƙara 200, mai son ƙari bayansa sai ya kai 500 aƙalla. Kuma dan Allah a ajiye cips a gaba a tsare, watsa su cikin tulin tsakiya yana sa ba wanda zai iya ƙirga abin da aka zuba.

Layi hagu yake bi, kowa ya jira nasa, ko ajiye katinka za ka yi ka fita daga zagayen. Wanda ya ajiye kuwa ya yi gum, ba ihu ba dafe kai don katin da ya jefar ya fito a tsakiya, waɗanda suka rage suna karanta wannan sarai. In ka nuna wa mutum ɗaya katinka bayan an gama, kowa na da haƙƙin gani. Wajen buɗewa kati ne ke magana, ko mai shi bai lura ya ci ba in ya shimfiɗa shi a fili nasa ne. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya san ya ci, ya tsaya jan rai yana yamutsa fuska har ɗayan ya fara murna sannan ya buɗe. Ba a hukunta shi a doka amma rashin ɗa'a ne tsagwaronsa.

Hukunci kuma mutum ɗaya ne zai yanke, wato mai gida, ba ƙuri'a ba, kuma a naɗa na biyu tun farko saboda ranar da rigimar ta shafi mai gidan kansa. Ƙungiyar masu shirya gasa ta TDA da aka kafa a 2001 ma dokarta ta farko cewa take adalci da amfanin wasan su ne gaba, wani lokaci har sun fi bin harafin doka. Saboda haka sabon shiga da ya turo cips ya koma ya ƙaro a rashin sani, a mayar masa da na biyun a yi masa bayani cikin raha, ba a fitar da shi daga zagayen ba. Tsohon hannu da ya san abin da yake yi kam doka ta hau shi, ko amininka ne, don in ka ɗaga masa ƙafa yau gobe ba ka da bakin hana kowa.

In kati ɗaya ya buɗe wajen rabo a ci gaba, a ba mai shi wani a ƙarshe, wanda ya buɗen ya zama katin da ake kifewa a gefe kafin a buɗe ukun farko na tsakiya. In biyu ne a tattara a sake rabo.

Wanda kuma ya maida karya doka sana'a, kar ka tsinka shi gaban mutane, ja shi gefe bayan an tashi ka gaya masa. In bai daina ba zama na gaba kawai kar ka kira shi.