Yadda mawaƙi da makaɗi za su kare kunnuwansu daga ƙarar kiɗa

Wani yaro da ya fara waƙa a ƙungiyarmu ya same ni bayan atisaye yana murza kunnensa na hagu da ɗan yatsa. Ya ce, "Yaya, kunnena sai ƙara yake yi, tsiii, ya ƙi dainawa." Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ai kullum haka yake masa bayan wasa, amma kafin gari ya waye ya wuce. Na sha jin wannan magana daga bakin mawaƙa da masu ganga da masu gita, kuma ita ce ke ruɗin su har ɓarna ta yi nisa. Ni ma haka na riƙa faɗa, har ranar da gari ya waye ƙarar tana nan. Yau shekaru ke nan ina kwana da ita ina tashi da ita.

A can cikin kunne, bayan an wuce dodon kunne, akwai wani ɗan lungu mai naɗe kamar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi siriri, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana galabaitar da su, shi ya sa bayan wasa kake jin kamar an cusa maka auduga. Idan sun huta kwana ɗaya ko biyu sukan farfaɗo. Idan aka ci gaba da dukansu sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake fitowa. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu kama siririn sauti, wajen zango 4,000 na ma'aunin Hertz, inda haruffa irin su "s" da "f" da "sh" suke. Sai ka ga mutum yana jin ana magana amma ba ya tantance kalmomi idan akwai hayaniya. Ga mawaƙi kuwa akwai abin da ya fi wannan ciwo: wani lokaci murya ɗaya kunnen dama ya ji ta a wani mataki, na hagu ya ji ta a wani. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2014 ya gano cewa masu sana'ar kiɗa sun fi sauran mutane haɗarin kurumcewar da ƙara ke jawowa kusan ninki huɗu. A 2016 ma Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya dakatar da zagayen wasa bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya rasa jinsa gaba ɗaya.

Abu na farko, auna ƙarar. Kada ka dogara da kunnenka, domin kunne yana sabawa, abin da ya yi maka ƙarfi a waƙar farko zuwa ta biyar ka daina jin ƙarfinsa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce desibel 85 na awa 8 shi ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙungiya mai ganguna da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ƙaramin ɗaki tana kai wa 100 ba tare da wani ya ga an yi abin mamaki ba, kuma atisaye yakan ɗauki awa biyu ko uku. Ka yi lissafin da kanka. Akwai manhajojin auna sauti a waya, ita NIOSH ɗin ma tana da tata kyauta a iPhone. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba amma sun isa su farkar da kai. Ka riƙe wayar a daidai inda kanka yake tsayawa lokacin waƙa, kusa da kunne, domin abin da mai sauraro ke ji a bayan zaure daban yake da abin da ke dukanka a dandamali. In babu waya, ga gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta kai matakin cutarwa.

Na biyu, kafin ka kashe ko sisi wajen sayen wani abu, ka gyara dandamalin kansa. Yawancin ƙarar da ke cin kunnuwan ƙungiya daga gasa take fitowa. Mai gita ba ya jin kansa sai ya ƙara, mai kibod ya ƙara don ya kamo shi, mai ganga ya daɗa ƙarfin duka, mawaƙi kuma ya ɗaga wa mai kula da sauti hannu a ƙara masa murya a monita, wato sifikar da ke mayar wa masu kiɗa sautinsu a dandamali. Cikin rabin awa kowa ya ƙara, kuma har yanzu ba wanda ke jin kansa. Dubi inda amfilifayar mai gita take: tana ƙasa, tana harba sauti a gwiwarsa, shi ba ya ji sosai amma mawaƙin da ke gaba ya sha duka. A ɗora ta kan kujera ko a karkata ta ta fuskanci kansa, za ka ga da kansa ya rage. Mawaƙi kuma ya bar tsayawa dab da farantan ƙarfen nan na mai ganga, su ne suka fi komai yanka kunne. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da abin da ke fitar da sauti, ƙarar tana raguwa da desibel 6. A cikin ɗaki ba ta raguwa haka saboda amon bango, amma ko taku biyu yana da amfani. Dokar da nake bi ita ce a fara saita muryar mawaƙi a matakin da ya ji daɗi, sannan kowa ya shigo a ƙarƙashinta. In ba ka jin kanka a monita, ka ce a rage maka sauran kayan kiɗan, kada ka ce a ƙara ka.

Na uku shi ne abin toshe kunne, kuma a nan ne na ga kusan kowane mawaƙi ya faɗi, har da ni. Auduga da takardar goge hannu ka manta da su, ba sa tare wani abin kirki, sai dai su sa ka ji kamar ka kare kanka. Na soso mai araha yana tare ƙara sosai idan an sa shi daidai: ka mulmula shi ya yi siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. In rabinsa yana leƙowa waje, ba ka sa ba. Matsalarsa ita ce ya fi cinye siririn sauti ya bar mai kauri, sai kiɗan ya dawo kamar daga maƙwabta kake jiyo shi. Don haka ga mai kiɗa ana yin na musamman mai ɗan mataci a ciki, wanda ke rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida, kiɗan yana nan yadda yake sai dai an sassauta shi. Matatan da aka fi sani su ne masu rage desibel 9 da 15 da 25. Mawaƙi ya ɗauki 15, mai ganga 25. Na 9 ban yarda da shi ba a ƙungiya mai ganguna.

To ga inda ake faɗuwa. Toshe kunnuwanka biyu da yatsu yanzu ka ce "mmm". Ka ji yadda muryarka ta cika maka kai, ta yi kauri kamar kana magana cikin tulu? Muryarka ce ke bi ta ƙashin kai ta shiga ramin kunne, ta tarar an rufe ƙofa, ta dawo kan dodon kunne. Mai ganga da mai gita wannan bai cika damunsu ba, amma mawaƙi da mai busa ƙaho shi ne babban abokin gabarsu. Mawaƙi ya sayi abin toshe kunne ranar wasa, ya sa, ya buɗe baki sai ya ji kansa ya yi ƙara fiye da kowa. Sai ya sassauta murya har makirufo ya daina ɗauka, ko ya fara kauce wa kiɗa. Kafin waƙa ta uku ya zare ya jefa aljihu, ya ce wannan abu ba na mawaƙa ba ne. Haka na yi da nawa na farko, suka yi shekara a cikin jaka, kuma a shekarar ne ƙarar kunnena ta zauna.

Maganin abu biyu ne. Na farko zurfi. Duk yadda abin ya shiga ciki, haka wannan amon ke raguwa, shi ya sa wanda likitan ji ya auna ramin kunnenka ya ƙera maka ya fi na kanti nesa ba kusa ba. Idan ka je, ka gaya masa kai mawaƙi ne, kana son mai tsawo da zai wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne, kuma ka tambaya ko za a ɗauki awon bakinka a buɗe, saboda ramin kunne yana canja siffa idan muƙamuƙi ya motsa. Yana da tsada, ban musa ba, amma yana yin shekaru. In hali bai kai ba, ka fara da na kanti mai mataci, ya fi babu sau dubu. Na biyu sabo. Ka sa abubuwan toshe kunnen a gida kana waƙa kai kaɗai, minti ashirin kullum, na mako biyu. Daga nan ka kai su atisaye, sai ka yi atisaye uku ko huɗu da su kafin su hau dandamali. Ka riƙa sa su tun kafin a fara kiɗa, ka yi hira da su a kunne, domin idan ka bari kunnenka ya ɗanɗana ƙarar tukuna, duk abin da ya biyo baya zai zame maka kamar an danne shi da matashi. Kuma idan ka sa, ka bar su har a tashi. Mutane suna cewa na tsawon waƙa biyu kawai zan cire su. A desibel 100 waƙa uku ko huɗu sun cinye kason kunnenka na yini guda.

Na huɗu, monitan cikin kunne, wato ƙaramin abin sauraro da ake sawa a kunne don jin kiɗan a dandamali, wanda matasa da yawa ke ɗauka shi ne ƙarshen magana. Yana iya kare ka, domin yana toshe ƙarar dandamali ya ba ka damar jin kanka a hankali. Yana kuma iya kurumtar da kai, tunda sifika ce a manne da dodon kunnenka. Ka fara da sautin a ƙasa ƙwarai ka ƙara kaɗan-kaɗan har ka ji abin da kake buƙata, ka tsaya nan. Ka tabbata akwai na'urar da ke hana sauti wuce iyaka a layinka, saboda makirufo ɗaya ya yi kuka ko wayar da ke ɗauko sauti ta zare, duk a cikin kanka zai fashe. Kada ka taɓa cire ɗaya ka bar ɗaya. Kunnen da ka buɗe yana shan ƙarar dandamali, wanda ka bari kuma sai ka ƙara masa sauti don ya rinjayi wancan, ka cuci biyun a lokaci guda. In kewar jin jama'a ce ke sa ka cirewa, ka ce a kafa makirufo ɗaya yana fuskantar zaure a saka maka sautinsa kaɗan.

Sauran hutu da gwaji. Duk awa guda ta atisaye ku fita waje mai shiru na minti goma ko sha biyar. Bayan wasa kada ka maƙala abin sauraro a kunne kana jin rikodin ɗin wasan a hanyar gida, ka bar kunnen ya huta har washegari. Ka je a yi maka gwajin ji tun yanzu da kake ganin lafiyarka ƙalau, ka ajiye takardar, ka maimaita kowace shekara, kuma ka ce a haɗa da zango 3,000 da 6,000 domin a wajen nan ɓarnar ƙara take fara nunawa. Idan kuwa ji ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, ko ƙarar ta wuce kwana biyu ba ta lafa ba, ko aka haɗa da jiri, ka tafi wurin likitan kunne ba tare da jira ba, domin ɗaukewar ji ta farat ɗaya maganinta ya fi aiki a kwanakin farko.