Yadda Za Ka Ci Abincin Biki Ba Tare Da Ka Rushe Shirin Rage Ƙiba Ba

Duk wanda ya fara lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, don rage ƙiba, ba ya jimawa sai ya ji ana zancen ware rana ɗaya a mako da mutum zai saki jiki ya ci abin da ransa ke so. Irin wannan rana tana iya tafiya tare da shirin, matuƙar ita ma an saka ta cikin lissafi. Jiki bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Abin da ya shiga ciki a tsawon mako shi yake tarawa.

Mu a Sakkwato ma ba sai mun ƙirƙiro wannan rana ba, da ƙafarta take zuwa. Wannan makon suna a Mabera, mako mai zuwa ɗaurin aure a Runjin Sambo, ga walimar sauka, ga tarbar alhazai, ga Sallah ƙarama da babba. Wanda ya ware wa kansa Juma'a don ya more, sannan ya je kowace hidima ya ci yadda ya saba, sai ya wayi gari da ranakun ci biyu ko uku a mako. Don haka a ganina hidimar da ta zo ita ce ranar cinka, kada a ƙara wata a kanta.

Mataki na 1: Mayar da lissafinka na mako

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Mu ɗauki mutumin da jikinsa ke buƙatar 2,300 a rana don ya tsaya inda yake. Idan yana cin 1,800, ya rage 500 kullum, a kwana bakwai 3,500 ke nan, wato ɗan ƙasa da rabin kilo. Wannan ragin kamar asusu yake: kullum ka jefa ɗan abu, ranar biki kuma ka buɗe ka ɗiba. Abin dubawa shi ne nawa ka ɗiba.

A kwana shida mutumin nan ya tara 3,000. Idan ranar biki ya ci 2,800, ya haura buƙatarsa da 500 kawai, saura 2,500 a asusu, makon ya yi kyau. Idan kuwa ya ci 4,800, ya kwashe 2,500, abin da ya rage masa 500 ne. Wahalar kwana shida ta koma ta kwana ɗaya. Haka ake samun mutum yana ta fama wata da watanni, sikeli bai motsa ba, har ya fara zargin jikinsa ko gado.

Mataki na 2: San yadda faranti ɗaya yake hawa

Mutane da yawa za su ce ai ba wanda zai iya cin 4,800 a wuni. A nan nake so mu tsaya mu yi lissafi da kyau. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 130, cikakken farantin biki kuwa yana iya kai giram 400, ka ga 520. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, wajen 120 ne. Idan cokali uku suka shiga rabonka, tsakanin na dafa-duka da na suyar nama, an ƙara 360. Naman rago mai kitse giram 100 yana kusan 300, kwatan kilo ya tasam ma 750. Lemon kwalba mai rabin lita wajen 200 ne, a zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, shanye biyu ba wani aiki ba ne. Cincin giram 100 ya haura 400. Haɗa su duka: sama da 2,400 a zama ɗaya, fiye da abin da mutumin can ke buƙata a wuni guda. Ba a saka masar safe da shayi mai madara ba, ba a saka furar la'asar da aka zuba wa suga ba, ba a saka tsiren dare ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan tuwo da shinkafa haka ne. A kan mai kuwa ido yana yaudara, domin giram ɗaya na mai kalori 9 gare shi, na sitaci ko na furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake, 4 ne kacal, kuma man da ya shige cikin dambun nama ko waina ba a ganinsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya gano cewa masu ƙiba da ke kukan sun kasa ramewa suna lissafa ƙasa da abin da suka ci da kusan rabi, ba don ƙarya ba, haka kawai kiyasi yake zamewa. Idan ka kiyasta abincin biki, ka ɗan ɗora a kai.

Mataki na 3: Zama ɗaya, ba wuni guda ba

Ka zaɓi cin abinci ɗaya a ranar, shi ne na morewa. Karin kumallo da abincin dare su tsaya yadda suke a sauran ranaku, ko ma su ɗan yi sauƙi: ƙwai dafaffe, ɗan wake, nono marar suga, kwaɗon zogale da ba a cika masa ƙuli da mai ba. Amma kada ka je wurin hidima da yunwar wuni. Mai jin yunwa ba ya zaɓe, abin da ya fara zuwa gabansa shi yake gamawa da shi.

Mataki na 4: Yi tanadi tun farkon mako

Katin gayyata yakan zo da wuri. Idan ka san akwai hidima ranar Asabar, rage kalori 100 zuwa 150 kullum daga Litinin. Ba abu ne mai wuya ba: ƙaramin cokali na suga kalori 16 ne, wanda ke zuba biyar a shayi sau biyu a rana yana shan 160 daga suga kaɗai. Ko a rage cokali ɗaya na mai a miya. Kafin Asabar ka tara 500 zuwa 750 na ƙari.

An taɓa gwada irin wannan tsari a wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2016. Rukuni ɗaya suna cin 1,500 kullum, ɗaya rukunin 1,300 na kwana shida da 2,700 a rana ta bakwai. Jimillar kowa 10,500 ce a mako. Duka sun rage nauyi kusan daidai, sai dai masu ranar morewa sun fi samun ƙarfin gwiwar ci gaba. Amfanin ranar ke nan na gaskiya, tana sauƙaƙa haƙuri. Zancen da ake yaɗawa cewa cin abinci da yawa rana ɗaya yana zaburar da jiki ya ƙona kitse, kada ka dogara da shi. Ɗan ƙarin da jiki ke ƙonawa bayan an cika ciki bai kai ko kusa da abin da aka ci ba.

Kada tanadin ya zama azabtar da kai. Galibi ba a so mace ta yi ƙasa da 1,200 a rana, namiji 1,500, sai da kulawar likita.

Mataki na 5: A wurin hidima

Kafin ka miƙa hannu, dubi abin da aka jera ka zaɓi biyu ko uku da kake marmari da gaske. Idan alkaki da dubulan ne ba ka samu sai a biki, ci su, ka bar farar shinkafar da kake samu a gida kullum. Fara da nama da ganye, ka zuba sau ɗaya, ka sha ruwa a madadin lemo na biyu. Ma'aunin da Annabi (SAW) ya koyar, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, a irin wannan wuri ya fi amfani.

Abin da ya fi wuya shi ne kunya. Gwaggo ta turo maka kwano na biyu tana cewa, "Mi ya hana ka ci, ko girkinmu ne bai yi maka ba?" Kada ka buɗe mata zancen kalori. Ka yaba girkin, ka ce, "Gwaggo, alhamdulillahi na ƙoshi, Allah ya saka da alheri, a zuba mini sauran in kai wa yara." Ta ji daɗi, kai ma ka tsira. Sai dai idan ka isa gida yaran su ci da gaske, kada robar ta kwana a ɗakinka.

Babbar Sallah tana da nata sha'ani. Ranar layya kanta ba ita ce matsala ba. Soyayyen naman da ke zaune a kwano mako biyu ko uku, ana wucewa ana ɗaukar tsoka, shi ne yake mayar da rana ɗaya ta zama rabin wata. Ka ci rabonka ranar Sallah da washegari da daɗin rai. Bayan haka naman ya koma cikin lissafi, ana auna yanka biyu ko uku a kan abinci, kwanon kuma a ajiye shi inda ido ba ya yawan kaiwa.

Mataki na 6: Washegari

Koma tsarinka na kullum daga karin kumallo. Ba ramuwa da yunwa, ba jiran Litinin. Idan ka hau sikeli ka ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu, kada hankalinka ya tashi. Kafin a tara kilo ɗaya na kitse sai an ci 7,700 a kan buƙatar jiki. Yawancin abin da ka gani ruwa ne: gishiri da dunƙulen miya suna riƙe ruwa, sitacin da jiki ya adana a hanta da tsoka kowane giram yana jan ruwa kusan giram 3, ga kuma abincin da bai gama fita ba. Cikin 'yan kwanaki yake sauka. Tafiyar ƙafa bayan Asuba, kafin rana ta buɗe, tana da kyau ƙwarai, amma awa guda na tafiya da sauri wajen kalori 250 zuwa 300 take ƙonawa, ba za ta goge zaman 2,400 ba.

Auna kanka da safe kafin ka ci komai, a ranar da ta fi nisa da hidima, ka kwatanta mako da mako. Idan mako huɗu suka wuce babu sauyi, mayar da morewar sau ɗaya a mako biyu, ka kuma binciki abin sha tukuna, domin kunun zaƙi, zoɓo mai suga da lemo su ne aka fi mantawa a rubuta.

Wannan tsari ba na kowa ba ne. Mai ciwon suga zama ɗaya na lemo da alkaki yana iya harba sugansa sama sosai, musamman mai amfani da allurar insulin. Mai hawan jini kuma gishirin kilishi da yajin tsire ne abin kiyayewa. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su shiga rage kalori da kansu. Wanda kuma ya lura cewa in ya fara ci ba ya iya tsayawa, yana ci a ɓoye, ko yana tilasta wa kansa amai bayan ya ci, ya bar zancen ranar morewa gaba ɗaya ya ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a asibitin da ya fi kusa da shi.